Murfin Laftof a Kan Yatsuna

Masu rubuto mini cewa in yi haƙuri, wai namiji ne, haka suke, to ku gyara zama. Yau zan ba ku labarin ranar da Injiniya ya nuna mini ainihin halinsa, in na gama sai ku sake gaya mini irin haƙurin da zan yi. Wanda bai san ni ba kuma, ni ce auta a gidanmu, Auta kowa ke kirana har a makaranta. A lokacin ina karatun digiri na uku, saura 'yan makonni in tsaya gaban malamai in kare aikina. Injiniya shi ne mutumin da zan aura. Ba wanda ya tilasta mini, wannan da bakina nake faɗa, ni na kawo shi gida ina washe haƙora.

Dole in ɗan yi muku bayanin aikin nawa, don a kansa aka yi komai. Umma wasan tsutsa take ce masa, saboda abin da take gani ke nan in ta leƙo kwamfutata. A jikin mutum akwai DNA, dogon zare ne siriri mai ɗauke da duk abin da mutum ya gado. Masu gwaji suna tura shi cikin ruwa ta wata 'yar hanya da aka sassaƙa a jikin gilashi, hanyar ba ta kai kaurin silin gashi ba, kuma akwai inda take matsewa, mu maƙogwaro muke ce wa wurin. A dunƙule zaren yake tahowa, in ya iso maƙogwaro sai ruwa ya ja shi ya miƙe, a nan ake karanta shi. Ni ba na taɓa jini, ba na taɓa gilashi. A kwamfuta nake gina hanyar, in jera 'yan ƙwallaye kamar carbi da roba tsakaninsu a matsayin zaren, in sako ruwa na lissafi in ga abin da zai faru.

Shi kuwa Injiniya gilashin gaske yake ƙerawa. Yana da ɗan kamfani, yana yin na'urar da ke tura DNA da famfo, kuma duk tallarsa a kan abu ɗaya take: tasa ta fi ta kowa sauri. Yayana a wurinsa yake aiki, shi ke ɗaukar jaka yana zaga ɗakunan gwaji yana nuna na'urar. Ita kuma Umma, tun rasuwar Baba ba ta taɓa ganin wanda ya shiga ranta kamarsa ba. Ya gyara mata firji da hannunsa, ya san sunan maganin hawan jininta, in ya zo har ƙasa yake durƙusawa da wandonsa mai guga. Ɗana take ce masa. Ni ma in na ɓata mata rai cewa take za ta gaya wa ɗanta.

Farkon soyayyarmu na tura masa wani ɗan bidiyo a waya, zare kore yana shiga maƙogwaro, ya miƙe, ya fita lafiya lau. Kore na yi shi don ya ce launin yake so, shirme dai irin na mai sabon saurayi. A ranar na gaya masa cewa robar da ke cikin wannan lissafin ba ta tsinkewa, haka ake rubuta ta, ko da mota ka ja ta sai dai ta ƙi miƙewa. Yawancin masu irin aikina da ita suke farawa. Ya ce ya gane. Ashe bidiyon nan ya ɗauka ya sa a gaban tallarsa, duk inda Yaya ya shiga shi yake fara kunnawa: ku duba, kwamfuta ma ta shaida ba ya tsinkewa.

Sai Farfesa, mai duba aikina, ya ce in auna ƙarfin jan da tsakiyar zaren ke sha a maƙogwaro, in gwada shi da abin da DNA na gaske zai iya ɗauka. Makonni babbar kwamfutar sashenmu ta yi tana wannan lissafin. Ranar da sakamako ya fito na duba, na sake dubawa. A saurin famfon Injiniya, dogayen zaruruwan nan tsinkewa suke yi a tsakiya. Guntaye na'urarsa ke karantawa, mai gwaji kuma bai sani ba. In aka rage sauri komai lafiya, amma in aka rage sauri me zai sayar?

Ni da wautata murna na yi ta wani gefen, na ce gara da ni na gano ba bare ba. A mota na gaya masa, ina sanye da doguwar rigata ruwan toka da ya saya mini, har ina zana masa maƙogwaron a bayan hannuna da biro. Ya riƙe sitiyari har jijiyoyin hannunsa suka tashi, ya sauke ni a ƙofar gida bai shigo gaida Umma ba. Ban gama cire takalmi ba saƙo ya shigo.

"Ki mayar da robar da ba ta tsinkewa. Ki kare aikinki da ita, ba wanda zai sani."

Na rubuta masa cewa Farfesa ya riga ya ji, kuma jinin mutane ake gwadawa da abin nan.

"Farfesa ya ji da baki, bai ga komai ba tukuna. Ni za ki aura ko shi?"

Na tura masa hoton fuska mai dariya, don wallahi na zaci wasa yake. Ya karanta bai amsa ba.

Washegari da yamma na dawo na tarar da Umma da Yaya a falo, talabijin a kashe, fanka kawai ke juyawa. Umma tana kan doguwar kujera ta yafa mayafinta kamar mai jiran baƙi, ko sannu da zuwa ba ta yi mini ba. Ta ce ɗanta ya kira ta muryarsa na rawa, ya ce ina neman rusa masa kamfani. Ta ce ita ba ta san tsutsa ba, ba ta san gilashi ba, abin da ta sani mace ba ta tona asirin mijin da za ta aura, kuma in na kunyata ta a gaban iyayensa in nemi wata uwar. Na durƙusa na fara bayani a hankali. Yaya ya katse ni, ya ce shekara nawa yana yawo ba aiki kafin mutumin nan ya ɗauke shi, yanzu ni da wasan kwamfuta zan mayar da shi titi.

Bakina ne ya ja mini, na sani. Na ce, "To Yaya, ka ci gaba da sayar wa mutane ƙarya ke nan?"

Ban ga tasowarsa ba. Marin ya same ni a kunne da gefen ido, na tafi na bugi teburin tsakiya, kofin shayin Umma ya kife a kan kafet. Kunnena ya ɗauki ƙara kamar an kunna injin niƙa a ciki. Na ɗago ina jiran Umma ta yi magana, don tun muna yara ba ta yarda wani ya taɓa ni. Ta dubi kafet ɗin, ta ce in tashi in kawo tsumma. Wannan ya fi marin ciwo.

Da safe na shafa hoda mai yawa a gefen idon, na ja mayafi na rufe, na tafi makaranta. Niyyata ɗaya, in kai wa Farfesa sakamakon nan ya gani da idonsa, sai aka ce yana taro sai bayan azahar. Na zauna a ɗakin aikinmu ni kaɗai, sauran duk sun fita cin abinci. Ɗaki ne dogo, tebura a jikin bango, kabad mai ƙofar gilashi cike da tsofaffin kundaye, da butar lantarki da muke dafa shayi a kan taga.

Ga yadda muke aiki, don ku gane abin da ya zo yi. Babbar kwamfutar ba ta ajiye wa kowa sakamako, wuri ya yi mata kaɗan, in lissafinka ya ƙare ka kwashe abinka, bayan ɗan lokaci ta share. Nawa na kwashe a wata 'yar baƙar ma'ajiya mai girman sabulu, kullum tana jone da laftof ɗina. Abin da ya rage a babbar kwamfutar umarnin da na rubuta ne kawai, wanda in aka sake kunna shi zai sake haifar da sakamakon, kuma ba mai shiga wurin sai da lambar sirrina. Injiniya ya san duk wannan. Sau nawa ya zauna a gefena a ɗakin nan yana shan shayina yana kallo.

Ƙamshin turarensa na fara ji. Ya shigo da farar riga, hannun a naɗe, ya mayar da ƙofa ya rufe. Da murmushi ya fara, ya ce ya ji abin da Yaya ya yi, bai ji daɗi ba, ya kai hannu zai ɗaga mayafina ya ga wurin. Na kauce. Ya jawo kujera ya zauna dab da ni, ya ce abu mai sauƙi ne, in shiga babbar kwamfutar in goge umarnin, in ba shi ma'ajiyar, shi ke nan mu koma yadda muke. Ya ce har gidan da za mu zauna ya je ya gani, akwai ɗan ɗaki mai taga biyu da zai zama ofishina.

Na ce masa ya rage saurin famfon kawai, ni zan taya shi lissafin, mu gyara tare.

"Lambar," ya ce.

"Ba zan bayar ba."

"Auta, ina tambayarki da girma da arziki."

"Ko Umma ce ta tambaya ba zan goge ba."

Hannuna na dama yana kan madannan laftof lokacin. Ya miƙe tsaye kamar zai tafi, har na saki numfashi. Sai ya kama murfin da hannu biyu ya rufe shi a kan yatsuna, ya ɗora nauyinsa gaba ɗaya. Jama'a, na ji ƙarar kafin in ji zafin, ƙas, kamar an karya busasshen icce. Da zafin ya iso ban san na yi ihu ba sai da na ji muryata ta dawo daga bango. Bai ɗaga ba. Ya sunkuyo har ina jin numfashinsa a kunnena, yana cewa in faɗi lambar ya sake ni, in faɗa kawai, shi ma ba ya son abin da yake yi. Gilashin laftof ɗin ya tsage a kan hannuna.

Ban faɗa ba. Ba jarumta ba ce, kada wani ya yabe ni, wallahi a lokacin ko sunana aka tambaye ni ba zan tuna ba. Hannuna na hagu ne ya lalubo butar lantarki a kan taga, da sauran ruwa a ciki, na ɗaga na kwaɗa masa a fuska da duk ƙarfin da Allah ya ba ni. Girarsa ta fashe, jini ya sauko kan farar rigar. Ya saki murfin ya dafe ido, na zare hannuna, na ga yatsu biyu sun kalli inda bai kamata ba.

Na nufi ƙofa, ya damƙo mayafina ta baya har ya shaƙe ni, ya wurga ni jikin kabad. Na kai hannun hagu in tare, hannun ya shige cikin gilashin ƙofar, tafin ya tsage tun daga gindin babban yatsa. Na zube a ƙasa, kundaye suna zubowa a kaina. Ina kwance ina kallo ya fizge ma'ajiyar daga jikin laftof, ya jefar a ƙasa, ya taka da dugadugin takalminsa. Da ta ƙi fashewa ya ɗauki kujerar ƙarfe ya dinga sara mata ƙafar kujerar, yana yi yana haki, jini na ɗiga daga haɓarsa, har sai da cikinta ya tarwatse a kan tayil. Wahalar watanni ke nan na ga an share da ƙafa. Na yi kuka a nan, kukan aikina, ba na hannu ba.

Mai gadin bene ne ya banko ƙofa, shi da wata mai shara. Injiniya ya gyara wuyan rigarsa, ya ce musu matarsa ce, saɓani ne na cikin gida, ya ratsa ta tsakaninsu ya fita. Mai sharar ce ta cire ɗankwalinta ta ɗaure mini tafin hannu, tana ta salati.

A asibiti aka ɗinke hagun, aka ɗaure daman da filasta har wuyan hannu. Umma da Yaya suka iso ana cikin ɗinkin. Da nas ta tambayi abin da ya faru, Yaya ya riga ni, ya ce faɗuwa na yi a matakala. Nas ɗin ta dube shi, ta dubi gefen idona inda hoda ta goge, ta rubuta abin da za ta rubuta. Umma tana tsaye a bakin gado riƙe da jakata. A mota Yaya ya yi ta magana shi kaɗai, wai mutumin ya kira shi yana kuka, wai shi ma an yi masa ɗinki a gira, wai sharrin zuciya ne, kada a bari magana ta fita, tunda abin da ake faɗa a kai ma ya riga ya lalace sai a rufe babin. Na jingina kai da gilashin mota ina kallon masu sayar da kaya a bakin titi. Na tsane shi a lokacin, ɗan'uwana uwa ɗaya uba ɗaya.

Muna shiga gida wayata ta yi ƙara a jaka. Umma ta ciro ta kara mini a kunne, don ba ni da hannun riƙewa. Mai kula da babbar kwamfutar ne, labari ya kai masa. Ya ce in umarnina yana nan, akwai gurbi a layi yau har zuwa magariba, in na sa lissafin yanzu zai iya ƙarewa kafin ranar kare aikina, da ƙyar. In ya wuce yau, wani rukuni zai kama gurbin na tsawon wata. Ya ce shi doka ta hana shi shiga wurin wani, ni ce zan shiga in tura. Na yi masa godiya. Na dubi hannuwana biyu a kan cinyata kamar na jariri a naɗe, ba laftof, ba yatsa, na fashe da dariyar da ta koma kuka.

Umma ta kai ni ɗakina ta zaunar a bakin gado. Rigar ta ƙi fita ta kan filasta, jini ya bushe a hannunta, sai ta ɗauko almakashi ta tsaga ta tun daga kafaɗa. A nan ta ga wuyana, inda mayafin ya shaƙe ni ya bar layi ja ya kumbura. Ta tsaya da almakashin a hannu. Ta sa yatsa ta taɓa wurin a hankali, ta taɓa gefen idona na jiya, ta daɗe tana kallo.

"Me ya ce ki ba shi?" ta tambaya.

Na ce lambar sirri.

"Ya karya miki hannu, ba ki ba shi ba?"

Na gyaɗa kai. Ta sa mini wata riga mai faɗi, ta tattara tsagaggiyar ta fita. Na ce shi ke nan, ta tafi ta bar ni da halina. Na kwanta ina kallon silin, ina jin yatsuna suna bugawa kamar zuciya ta koma cikinsu.

Sai ga ta ta dawo rungume da tsohuwar kwamfutar Baba, wadda ta naɗe a zani ta ajiye a saman kabad tun rasuwarsa, ba ta barin kowa ya taɓa. Ta jona ta da wuta, ta jawo kujerar madubi, ta sa tabaranta a kan hanci. Matar da saƙon waya ma da yatsa ɗaya take rubutawa, tana yi tana tsaki.

"Ni ban san tsutsarki ba," ta ce. "Ki faɗa mini abin da zan danna."

Haka muka fara. Ina faɗin harafi, tana nemansa da ido layi-layi, ta danna kamar mai tsoron ya cije ta. Ta yi kuskure, mu goge, mu sake. Da muka zo kan lambar sirri na faɗa mata a hankali, ta danna, baƙin allo ya buɗe, ga umarnina nan yadda na bar shi. Ta dube ni ta saman tabarau, na ce saura layi biyu mu tura. Rana ta riga ta yi ƙasa, hasken ya koma ja a jikin labule.

Wayata ta yi haske a kan gado. Umma ta ɗauka ta karanta da kanta, leɓenta na motsi. Daga baya na ga saƙon, daga Injiniya ne: "Ina ƙofar gida ni da kawuna. Na zo ba da haƙuri. Ki ce wa Umma ɗanta ne." Ta kife wayar.

Muka ji Yaya ya fita tsakar gida da sauri, muka ji ƙarar sakatar get, muka ji motar ta shigo. Muryoyin maza suka cika falo, har da ta Injiniya, a sanyaye, irin wadda yake gaida ta da ita. Takun Yaya ya nufo ɗakina, ya ƙwanƙwasa, ya ce Umma ta fito ga baƙi, manya ne, kada a bar su tsaye.

Umma ta miƙe. Na ce a raina ta tafi ke nan. Ta isa bakin ƙofa, ta murɗa makulli sau biyu, ta zare shi ta jefa a cikin rigarta. Yaya ya fara dukan ƙofar da tafin hannu, can na ji wani takun ya taho ya tsaya a bayansa, ƙamshin turaren nan ya shigo ta ƙarƙashin ƙofa.

Ta dawo ta zauna, ta gyara tabarau, ta ɗora yatsanta ɗaya a kan madannan.

"Kada ki kalli ƙofa, Auta, ni ki kalla. Wane harafi ne na gaba?"